Yadda Wasannin Kwamfuta na Farko Suka Nuna Yaƙin Nukiliya

Kowane wasa da 'yan Adam suka ƙaga, tun daga dara da langa har kokawa da sukuwar dawaki, ƙa'idarsa guda ce: a kara, wani ya ci, a ci wani, gobe a sāke. Yaƙi ma, ko da ya ke ba wasa ba ne, a dā haka ya ke tafiya. In runduna biyu suka gamu, ɗaya ta kan kori ɗaya, wanda ya yi nasara ya koma gida da ganima. To, ran 6 ga Agusta, 1945, Amurka ta jefa bom ɗin nukiliya a birnin Hiroshima na ƙasar Japan, ran 9 ga wata ta jefa na biyu a Nagasaki. Kafin shekarar ta ƙare mutum wajen 140,000 sun hallaka a Hiroshima, wajen 70,000 kuma a Nagasaki. Cikin 1949 Tarayyar Sobiyet ta gwada nata bom. Daga nan ƙasashen biyu suka shiga tseren tara makamai, har ya zamana cikin 1986 bama-baman da ke duniya sun haura 60,000. Masana suka tabbata cewa in aka yi yaƙi da waɗannan, wanda ya fara harbi da wanda ya rama duk makomarsu ɗaya.

A tsakiyar wannan zaman ɗarɗar, wanda a ke kira Yaƙin Cacar Baka, aka haifi wasannin kwamfuta, watau wasannin da mutum ya ke yi da na'ura, yana duban allo mai kama da na talabijin, yana sarrafa abin da ke ciki da maɓallai. Masu ƙaga su suka sami kansu gaban wata tambaya mai wuya: ƙaƙa za a yi wasa a kan yaƙin da ba shi da gwani? Amsoshin da suka bayar tsakanin 1980 da 1997 sun bambanta ƙwarai, kuma sun yi ta sākewa gwargwadon yadda tsoro ya ƙaru ko ya ragu a zukatan jama'a.

Asalin abin

Tun daga tushe akwai dangantaka tsakanin bom da wasan. Wani masani Ba'amurke mai suna William Higinbotham yana cikin waɗanda suka yi aikin bom na farko a Los Alamos, shi ne ya shugabanci sashen kayan lantarki, ya kuma ga gwajin farko da idonsa cikin Yuli, 1945. Abin da ya gani ya dame shi, har ya shiga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masana kimiyya ta Amurka mai kira a hana yaɗuwar makamin. Cikin 1958, sa'ad da ya ke aiki a ma'aikatar bincike ta Brookhaven, ya haɗa wani ɗan wasan ƙwallo mai suna Tennis for Two don baƙi masu ziyara su sami abin sha'awa. Ana lissafa wannan cikin wasannin allo na farko a duniya. Shi kansa bai ɗauke shi a bakin kome ba, ya fi son a tuna da shi saboda ƙoƙarinsa na hana yaƙi. Amma sai da aka ƙara shekara ashirin da biyu kafin bom ɗin da kansa ya bayyana sosai a kan allon wasa.

Birane shida

Cikin Disamba, 1979, sojan Sobiyet suka shiga Afganistan, dangantakar manyan ƙasashen biyu ta ƙara lalacewa. Cikin 1980 kamfanin Atari na Kalifoniya ya fitar da wasa mai suna Missile Command, wanda wani saurayi, Dave Theurer, ya tsara. Injin wasan babban akwati ne da a ke ajiyewa a gidajen wasa da wuraren cin abinci, mutum ya jefa sulalla ya tsaya gabansa.

Ga yadda wasan ya ke. A ƙasan allo akwai birane shida da sansani uku, kowane sansani da makamai masu linzami goma. Daga sama makaman abokan gaba su ke saukowa kamar zaren wuta, wani in ya zo tsakiya sai ya rabu gida-gida, kamar yadda makaman gaske na zamanin su ke ɗauke da kawuna da yawa. Mai wasa yana mirgina wata ƙwallo da tafin hannunsa ya auna wuri, ya harba nasa makamin ya fashe a sararin sama, ya cinye duk abin da ya faɗa cikin wutar. In ya tare zubi na farko, sai na biyu ya zo da sauri fiye da na farko, na uku ya fi na biyu. Ba wanda zai kai wa hari, ba sarkin abokan gaba da zai kama, ba ranar da za a ce an gama. Tun da makamansa ƙidayayyu ne, ba da jimawa ba sai ya ga tilas ya saki wani birni ya ƙone don ya tsare wani. Kome gwanintarsa, iyakarta ya jinkirta abin da ba makawa. Sa'ad da birni na ƙarshe ya faɗi, sai wata babbar wuta ta cika allon, a cikinta an rubuta kalmar da ke nufin Ƙarshe, maimakon abin da aka saba rubutawa, cewa wasa ya tashi.

Theurer bai yarda a ba mai wasa ikon harba makami kan biranen wasu ba, ya tsaya a kan kāriya kaɗai. Da fari biranen nan shida na gaɓar tekun Kalifoniya ne, watau Eureka, San Francisco, San Luis Obispo, Santa Barbara, Los Angeles da San Diego, kana aka cire sunayen don kowa ya ɗauke su nasa. Daga baya ya ba da labari cewa lokacin aikin, har bayan an gama, ya yi ta mafarkin makamai suna sauka a kan garuruwan da ke kewaye da shi, yana farkawa cikin gumi. Da aka mai da wasan na gida cikin 1981, sai littafin da ke rakiyarsa ya ce ai yaƙin tsakanin waɗansu duniyoyi biyu ne na tatsuniya, Zardon da Krytol. Da haka aka nisanta abin daga ɗakin yara, ko da ya ke kowa ya san biranen wa a ke nufi.

Shekarar tsoro

Cikin 1983 al'amari ya kai intaha. A watan Maris Shugaba Ronald Reagan ya ba da sanarwar shirin kakkaɓo makaman Sobiyet tun suna sararin samaniya. Ran 1 ga Satumba jirgin yaƙin Sobiyet ya harbo jirgin fasinja na Koriya ta Kudu, mutum 269 suka mutu. Ran 26 ga watan na'urorin tsaron Sobiyet suka nuna wai Amurka ta harbo makamai, sai hafsan da ke bakin aiki, Stanislav Petrov, ya yanke cewa kuskuren na'ura ne, haka kuwa abin ya ke. A watan Nuwamba mutum wajen miliyan 100 a Amurka suka kalli fim ɗin The Day After, mai nuna halin mutanen Kansas bayan faɗuwar bom. A shekarar ce kuma aka fitar da fim ɗin WarGames, labarin wani yaro da ya shiga kwamfutar soja yana tsammani wasa ne, saura kaɗan ya ta da yaƙin duniya. A ƙarshensa kwamfutar ta gwada kowace dabara ta ga ba wadda ta ke kai wa ga nasara, ta gane cewa maganin bari kada a soma.

Masu wasanni suka rabu biyu game da wannan darasi. Waɗansu sun ɗauki bom tamkar kowane makami, girma kawai ya fi. Tun cikin 1980 kamfanin Avalon Hill ya fitar da B-1 Nuclear Bomber, inda mai wasa ya ke tuƙa jirgi ya ratsa tsaron Sobiyet, ya jefa bom kan birnin da aka umurce shi, ya komo gida. Cikin 1984 kamfanin Access ya fitar da Raid over Moscow, wanda Bruce Carver ya tsara don kwamfutar gida mai suna Commodore 64. A cikinsa Sobiyet ce ke harbo makami, mai wasa kuwa ya taso daga tashar sararin samaniya ya rushe wuraren harbin, sa'an nan ya kai farmaki Masko. Wannan wasa ya ta da ƙura a ƙasar Finlan, wadda ke da doguwar iyaka da Sobiyet, ta ke kuma takatsantsan da duk abin da zai ɓata wa maƙwabciyarta rai. Cikin 1985 wani ɗan majalisa na 'yan gurguzu ya kai maganar gaban majalisar ƙasar, yana tambaya ko ya dace a bar yara da irin wannan. Abin da surutun ya haifar shi ne wasan ya ƙara kasuwa. A Jamus ta Yamma kuwa hukuma ta sa shi cikin jerin abubuwan da aka hana sayar wa yara.

Waɗanda suka ƙi ba da nasara

Ɗaya ɓangaren sun bi sawun Theurer, har suka wuce shi. Babbansu shi ne Chris Crawford, tsohon ma'aikacin Atari, wanda ya fitar da Balance of Power cikin 1985 don kwamfutar Macintosh. Mai wasa ya kan zama shugaban Amurka ko na Sobiyet har shekara takwas, gabansa taswirar ƙasashe 62. Yana iya aika kuɗi ga wata gwamnati, ko makamai ga 'yan tawaye, ko soja, ko ya ƙulla alkawari, duk don ya ɗaukaka martabar ƙasarsa. Kowane mataki ya ɗauka, abokin hamayya na iya cewa bai yarda ba. Daga nan sai a shiga ja-in-ja: wanda ya janye ya zubar da girma, in kuwa kowa ya kafe sai rikici ya hau mataki-mataki har ya kai ga harbi. Wani lokaci ma, in zaman ya yi tsami, yaƙin ya kan tashi bisa kuskure ba da nufin kowa ba.

Abin da ya sa ba a manta da wasan ba shi ne ƙarshensa. In yaƙi ya tashi, allo ya kan yi baƙi ƙirin, sai 'yan layukan rubutu masu gaya wa mai wasa cewa ya ta da yaƙin nukiliya, kuma kada ya sa ran za a nuna masa hoton hayaƙin bom da gawawwaki, domin ba a ba wanda ya kāsa lada.   A watan Nuwamba na wannan shekara Reagan da Mikhail Gorbachev suka sadu a Janiba, suka sa hannu a kan sanarwar da ta ce ba a cin yaƙin nukiliya, bai kuwa kamata a yi shi ba ko kusa.

A Ingila kamfanin PSS ya fitar da Theatre Europe cikin 1985, mai nuna kwana talatin na farkon yaƙi tsakanin rundunar NATO da ta ƙawancen Waso a tsakiyar Turai. Mai wasa na da ikon harba makaman nukiliya, amma sai ya kawo kalmar izini, hanyar samunta kuwa ita ce ya tashi daga gaban kwamfuta ya buga wata lambar tarho ta gaske. In ya buga, sai ya ji muryar da aka naɗa, da ƙarar yaƙi da kukan jariri, kana a faɗa masa kalmar. Wanda ya nace ya yi babban harbi, ɗaya gefen ya kan rama da duk abin da ya mallaka, wasa ya ƙare ba mai ci. Duk da haka waɗansu kantuna suka ƙi sayar da shi, suna ganin batun bai dace da wasa ba sam.

Cikin 1986, shekarar da tashar lantarki ta Canobil ta fashe, kamfanin Infocom ya fitar da Trinity, na Brian Moriarty. Wannan ba hoto a cikinsa ko ɗaya, rubutu ne zalla: na'ura ta bayyana wuri, mai wasa ya rubuta abin da zai yi. Labarin ya fara da wani Ba'amurke ɗan yawon buɗe ido a lambun Kensington na Landan, daidai lokacin da makami ke saukowa kan birnin. Ya tsere ta wata ƙofa ta al'ajabi, ya riƙa leƙa wuraren da aka fasa bom a tarihi, har da Nagasaki, daga bisani ya isa hamadar New Mexico daren 16 ga Yuli, 1945, kafin gwajin farko. Ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya ɓata bom ɗin, ashe ɓarnar da ya yi ita ce ta rage ƙarfinsa zuwa yadda tarihi ya san shi. Sai ya sāke samun kansa a lambun Landan, makami na tafe. Mai wasa ya warware kowace matsala daidai, amma bai kuɓutar da kowa ba.

Bayan wuta ta mutu

Cikin Disamba, 1987, Amurka da Sobiyet suka sa hannu a kan yarjejeniyar kawar da makamai masu cin matsakaicin zango. Cikin 1989 katangar Balin ta faɗi, cikin 1991 Tarayyar Sobiyet ta wargaje. Da tsoro ya fara sauka, sai wasanni suka bar tambayar yadda yaƙin zai tashi, suka koma ga abin da zai biyo bayansa. Nan kuwa masu tsarawa suka sami mafita daga tsohuwar matsalarsu. Yaƙin ba a cinsa, amma in ya riga ya wuce, ana iya ba mai wasa kufai ya yi jaruntaka a ciki.

Wasan da ya buɗe wannan hanya shi ne Wasteland, na kamfanin Interplay ƙarƙashin Brian Fargo, cikin 1988. Labarinsa ya ce an yi yaƙin cikin 1998, wasan kuwa yana gudana cikin 2087 a hamadar kudu maso yammacin Amurka. Mai wasa na jagorantar 'yan sintiri, magādan wata rundunar soja da ta tsira, suna yawo tsakanin ƙauyuka da kangon Las Vegas, suna fama da 'yan fashi da miyagun dabbobi da wuraren da gubar bom ta gurɓata. Abin da ya bambanta shi da na gabansa shi ne duniyarsa ba ta mantuwa: wanda aka kashe ya mutu ke nan, garin da aka ɓata wa rai ba ya komawa yadda ya ke. Tun da na'urorin zamanin ba su da wurin ajiya mai yawa, sai aka buga dogayen bayanan labarin cikin wani ɗan littafi, na'ura ta riƙa cewa a duba sakin layi kaza.

Cikin 1997 kamfanin nan ya fitar da Fallout, wanda Tim Cain ya jagoranta. A nan abokiyar gabar Amurka ta zama ƙasar Sin, dalilin faɗan kuwa ƙarewar man fetur da sauran albarkatu. Yaƙin ya auku ran 23 ga Oktoba, 2077, sa'a biyu kacal ya ɗauka. Waɗansu mutane suka tsira cikin manyan gidajen ƙarƙashin ƙasa. Cikin 2161 na'urar tace ruwa ta gida na 13 ta lalace, aka tura mutum guda waje ya nemo wata cikin kwana 150. Ya tarar da jama'a sun kafa sababbin garuruwa da tarkacen dā, suna ciniki da marufan kwalba kamar yadda aka yi da wuri a zamanin kakanni. Duk kayan wasan an yi musu adon Amurka ta wajen 1950, da zanen wani ɗan yaro mai fara'a wanda ba ya daina murmushi ko ana maganar mutuwa. Wannan ba'a ce ga fina-finan gwamnati na wancan zamani, waɗanda suka koya wa 'yan makaranta su shige ƙarƙashin tebur in sun ga hasken bom. Ƙarshensa ma ba daɗi: bayan jarumin ya ceci mutanensa, shugaban gidan ya hana shi komawa ciki, wai zaman waje ya sāke shi, kada matasa su yi koyi da shi.

Abin da ba su nuna ba

Duk da hikimar waɗannan wasanni, akwai wurin da suka tsallake. Na farkon sun tsaya a kan lokacin harbi, biranensu 'yan tsibin haske ne ba mutum ko ɗaya a ciki, wani ɓangare saboda ƙarancin ƙarfin na'ura, gama Commodore 64 ƙwaƙwalwarta kilobait 64 ce kawai. Na bayan kuwa sun yi tsalle shekara tamanin ko casa'in gaba. Makonnin da ke tsakani, waɗanda mutanen Hiroshima da Nagasaki suka sani, watau ƙuna, da ƙishirwa, da zubar gashi, da asibitocin da suka rushe tare da likitocinsu, da cutar sankarar jini da ta bayyana bayan shekaru, ba wasan da ya zauna a cikinsu. Gubar bom a wasa ta kan mai da kunama ƙatuwa kamar saniya, ko ta ba mutum tsawon rai, a kan kuma warkar da ita da allura guda. Haka nan binciken da Carl Sagan da abokansa suka buga cikin 1983, cewa hayaƙin biranen da suka ƙone zai tare rana, sanyi ya kashe amfanin gona, yunwa ta kai har ƙasashen da ba su shiga faɗan ba, bai sami wuri sosai ba. Masu wasanni sun fi son hamada mai rana, domin a can a ke iya yawo.

Dalilin a fili ya ke. Wasa sai da abin yi, mutumin da ke kwance yana jiran ajali kuwa ba shi da abin yi. Kuma kowane wasa, kome tsananinsa, yana da ƙofar da yaƙin gaske ba shi da ita: a jefa wani sulalla, ko a koma inda aka ajiye, a sāke.

Bisa ƙididdigar 2024, ƙasashe tara ne ke riƙe da bama-bamai wajen 12,000, yarjejeniyar 1987 kuwa ta rushe tun cikin 2019. Wasannin kufai sun yawaita, zuriyar Fallout ta zama babbar kasuwa har da shirin talabijin, mutane da yawa sun saba da ganin bayan yaƙin a kan wurin yawo da neman abin mamaki. Saboda haka tsofaffin nan na tsakanin 1980 da 1986 sun cancanci a riƙa tunawa da su. Waɗanda suka tsara su sun yi aiki ne suna tsammanin makamin na iya sauka kan garinsu kafin su gama, shi ya sa suka karya ƙa'idar wasa da gangan, suka karɓi kuɗin mai wasa suka hana shi ci. Yaron da ya tsaya gaban injin Atari cikin 1980, ya saki birane biyar don ya tsare guda, kana ya ga na shidan ya ƙone, ya koyi da tafin hannunsa abin da shugabannin manyan ƙasashen biyu ba su sa wa hannu tare ba sai bayan shekara biyar.